Mai Wanke Masa Buroshi

Kafin in fara, ina da magana da ku, ku ɗin nan da kuka cika mini waya da nasiha. Wai "Zulfa ki yi haƙuri, haƙuri maganin zaman duniya." Wata ma har da cewa ba ni da godiyar Allah, miji kamar Lurwanu ya fito ina yanga. To sannunku da ƙoƙari! Ku gyara zama ku ji abin da ya faru makon jiya. In kun gama sai ku nuna mini rumfar da ake sayar da irin wannan haƙurin, in je in auno tiya guda.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Zulfa, ɗiyar Malam Garba Pentir na bakin gudro, wato titin kwalta, a Tasawa. Duk allon mai aski, na mai kitso, na mai gyaran waya, da rubutun bayan kamiyo, manyan motocin kayan nan, da kuke gani daga nan har Urafane, in kun duba ƙasa za ku ga an sa "Garba Pentir" da lambar waya. Sunan nasa ne. Hannun kuwa, shekara bakwai ke nan, nawa ne. Tun da yanar ido ta kama Baba, shi ke zama ƙofar gida bisa kujerarsa, buroshi saƙale a kunne, yana karɓar aiki yana ciniki. In ya shigo da allo, ni ke zana shi bayan rumbu, inda babu idon kowa sai na akuya. Har makon jiya mutum huɗu ne suka san wannan: ni, Baba, Inna, sai Lurwanu, wanda ni da bakina na gaya wa ranar da soyayya ta ɗebe ni.

Kuma ni baƙa ce. Ba wankan tarwaɗa ba, baƙa wuluk, irin wadda ƴan biki ke kallo su ce, "Allah sarki, ga hanci ga ido, da dai a ce fara ce." Matan da nake zanawa su ma haka suke fitowa, hannuna ya ƙi jin magana. Rabi'atu mai kitso har gida ta maido wa Baba allonta tana masifa, wai wa zai shiga shagonta ya fito kamar gindin tukunya? Sai da na sake mata wani, na yi matan jajir, sannan ta karɓa. Irin waɗannan allunan da aka ƙi, goma sha biyu suka taru jikin akurki, kaji na hawa suna abin da suka saba.

Bara Lurwanu ya gan su. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Zulfa, wannan fatar da kike yi kamar za ta yi zufa. Ba ni in nuna wa wani abokina a Yamai." Ni kuma sakarya na kawo tsumma da ruwa na goge musu kashin kaji, na ɗaure su da igiya, har da yi masa addu'ar sauka lafiya.

To, ranar Litinin da hantsi ina wankin buroshi da isansi, wato fetur, sai ga Samira ƙanwar Lurwanu. Ta sha leshi ruwan goro, gyale a kafaɗa, ƙamshi ya riga ta shigowa. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ajiye wani ɗan kwando mai ado a gabana.

"Anti Zulfa, in ji Hajiyarmu. Ta ce tun da saura sati shida biki, ki fara tun yanzu, safe da yamma."

Na buɗe. Man shafawa kwalba guda, sabulu, da wani ɗan mai a ƙaramar kwalba. Jikin kowanne hoton wata mata fara sol tana murmushi.

"Na mine ne?" na ce, alhali na sani.

"Na gyaran jiki mana. Ta ce kada dangi su zo daga Maraɗi a rasa amarya cikin hoto." Ta yi ƴar dariya, ta ga ban yi ba, ta haɗiye abarta.

Inna ta yi caraf ta ce, "An gode, an gode, Allah shi saka. Ki ce ma Hajiya, Zulfa za ta shafa."

Samira ba ta kai ƙofa ba wayata ta yi ƙara. Wata ƙawata ce ta turo mini bidiyo, ta rubuta a ƙasa: "Angonki a Faransa!!! Kin haye!" Na danna.

Jama'a, ga Lurwanu tsaye cikin wani ɗaki fari ƙal, anasaru sun kewaye shi da kofuna a hannu. Bayansa, a bango, an haska fitila bisa allon Rabi'atu mai kitso. Allona! Ya bi gefensa da fentin feshi, ya yi wasu rubuce-rubuce irin na bangon tasha, kuma daidai inda sunan Baba yake ya shafe ya sa nasa. Yana magana da faransanci yana dafa ƙirji. Wai shi tun yana yaro a tasha yake kwana, titi ne ya raine shi. Lurwanu fa! Wanda ubansa ke da butik biyu a kasuwa, wanda ko lakkol, makarantar boko, a babur ake kai shi. Wai kuma baƙar fata ita ce alfaharinsa, duk matar da ya zana, uwarsa Afirka yake zanawa. Aka yi ta tafi.

Na dubi wayar, na dubi kwandon Hajiya. A can baƙar fata alfahari ce, a nan kuma a kankare ta kafin sati shida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da azahar sai ga saƙonsa.

"Ma chérie, na sauka Yamai. Kin ga bidiyo? Mun yi suna!"

Na rubuta: "Mu wa?"

"Haba Zuzu. Sunana ai sunanki ne. Ki saurara, Alhamis zan zo da Madam mai gidan nunin zanen da kika gani a bidiyo, da mai kamara. Suna son su ɗauke ni ina zane a bango, a garinmu, gaban mutane. Kawu ya ba ni bangon magazensa na ajiyar kaya."

"Allah ya ba da sa'a."

Ya yi ta rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Can sai ya turo saƙon murya, ya kwantar da ita kamar mai lallashin jariri: "Ki taimake ni da fatar kawai. Gwangwani uku, mai duhu, na tsakiya, da mai haske. Ki haɗa ki rufe, a kawo mini kamar abinci. Sauran ni zan ji da shi."

Ga abin da ba ku sani ba. Lurwanu ya iya zana layi, ya iya feshi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Fata ce ba ya iyawa. Shi a tunaninsa baƙin mutum daga gwangwanin baƙin fenti yake fitowa, shi ya sa in ya yi fuska sai ta fito kamar kwalta, in ya ƙara fari ta koma toka. Ni kuwa Baba ya koya mini tun ina ƴar shekara tara: ko ɗigon baƙi ba a sawa. Shuɗi ne da ja, a kashe su da ruwan ɗorawa, ana juyawa ana gwadawa a bayan hannu har fentin ya ɓace cikin fatarka. Ba awo gare shi ba balle in rubuta masa a takarda.

Ban ba shi amsa ba. Ashe ya riga ya kira Inna.

Ta same ni ina tankaɗe, ta janye rariyar daga hannuna. "Ke ɗiyag ga, mi kike nufi? Yaro ya roƙe ki abu kaɗan kin yi mashi banza?"

"Inna, aikina ya ɗauka ya ce nasa ne. Har sunan Baba ya shafe."

"To sai mi? Allunan da kaji ke ma kashi? Shi ya ɗauke su ya kai su inda suka yi daraja. In ya samu, wa za ta ci? Ba ke ba?"

"Da uwarsa ta aiko mini man kankare fata fa?"

"Ki shafa kaɗan a fuska ki huta da bakin mutane! Shekararki ashirin da biyar, Zulfa. Ƙannenki biyu suna ɗakunansu." Ta rage murya, ta waiwaya wajen zaure. "Kuma ki ji ni da kyau. Ranar da kika buɗe baki kika ce hannunki ne, ba Lurwanu kaɗai kika tona ba. Ubanki shekara bakwai yana zaune ƙofar gida ana ce mashi gwani. Wanga suna shi kaɗai ya rage mashi. Ki tsiraita shi, in kin ga dama."

Wannan maganar ta kama ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Da la'asar na kai wa Baba fura, na zauna kusa da ƙafarsa ina jira ko zai ce wani abu, don na san ya ji komai, katangarmu ba ta riƙe magana. Ya sha furarsa, ya laluba ya miƙo mini ƙwaryar, ya ce, "Shuɗin ya kusa ƙarewa, ki yi tattali." Shi ke nan abin da ya faɗa.

Na haɗa fentin. Eh, na haɗa, kada ku zage ni. Ranar Laraba na zauna bayan rumbu na yi gwangwani uku masu kyau, ina juyawa ina kuka don haushi. Amma zuciya ba ta bar ni haka ba. Na samo wasu gwangwanayen madara uku, na juye man Hajiya a ɗaya, na kankare sabulun a ɗaya, na tsiyaye ɗan man a na ukun. Niyyata in ba shi waɗannan ya buɗe, gabansa ya faɗi, ya ji irin abin da na ji, sannan in zaro na gaskiyar in miƙa masa in yi tafiyata. Iyakar muguntar da na shirya ke nan, Allah shi ne shaida.

Alhamis na ci ado. Atamfata shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin da na ajiye don kamu, hijabi ruwan madara har gwiwa, takalmi mai ɗan tudu. Na jera gwangwanayen ƙarya bisa tire na rufe da faifai, na gaskiyar kuma cikin leda ƙarƙashin hijabi. Inna ta bi ni da kallo ta ce, "Allah shi yi maki albarka."

Bakin magazen ya cika maƙil. Ƴan kabu-kabu sun jera babura, masu tallar ƙosai sun ajiye tire, har masu jiran motar Mayahi sun baro tasha. An shafe bangon da farar ƙasa. Ga Madam, doguwa, rana ta mai da ita ja, ta sa wandon atamfa da hular kaba. Ga mai kamara. Ga kuma angona.

Kai, jama'a! Da ƙyar na gane shi. Lurwanun da ba ya zuwa zance sai da shadda mai maiƙo da takalmi yana ƙyalli, yau ga shi da yagaggen wando, riga duk fenti, wanda da gani da gangan aka yarfa, ƙafa ba takalmi. Yana taka ƙasa yana ɗage ƙafa don zafi. Wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Wai ɗan Alhaji ne ko an yi mashi fashi a hanya?" Aka kwashe da dariya, Madam ta ɗauka murna ake, ita ma ta yi.

Ya riga ya zana layin fuskar mace, babba, ta kusa kai tsawon mutum biyu. Da ya hango ni ya saki ajiyar zuciya, ya taho da sauri ya karɓi tiren, ko kallon adona bai yi ba. Ya durƙusa gaban kamara, ya ɗage faifai yana bayani da faransanci, wai wannan sirrin haɗi ne da ya gada wajen kakanni. Ya buɗe na farko.

Ƙamshin ne ya fara tashi. Babu macen Tasawa da ba ta san wannan ƙamshin ba. Wata mai ƙosai ta leƙa ta ce, "Lah! Man bilicin ne!" Ya buɗe na biyu, sabulu. Mata suka fara guɗa ta tsiya, maza na tambayar mi ya faru. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

Wallahi a nan tausayinsa ya kama ni. Na sa hannu cikin hijabi na kama ledar, saura in miƙa. Sai Madam ta matso tana murmushi, ta nuna ni ta tambaye shi ko ni wace ce.

Da ya ce matar da zai aura ce, da magana ta ƙare. Ko ƙanwarsa ya ce, da na haƙura. Amma ya buɗe baki, bai ko dube ni ba, ya ce:

"C'est rien. C'est la petite qui lave mes pinceaux."

Wai ba kowa ba ce, ƴar yarinyar da ke wanke masa buroshi ce. Ni! Kuma ya san ina da birbe, takardar shaidar karatun sakandare, ya san na fi shi faransanci, ni ke gyara masa wasiƙu. Ya san na ji sarai. Kawai ya tabbata ne ba zan yi magana ba, saboda Baba, saboda saura sati shida.

Daga nan ban san ina Inna take ba, ban san ina Baba yake ba. Kaina ya ɗau zafi. Na ajiye ledar ƙasa ban buɗe ba. Na naɗe hijabi na ɗaure a ƙugu, na zubar da gwangwanayen daga tire, na jawo fentinsa na shuɗi da ja da ruwan ɗorawa.

"Zulfa," ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "don girman Allah."

"Matsa mini, patron. Buroshi zan wanke."

Na zuba bisa tiren na juya. Na gwada a bayan hannuna, na ƙara ja, na sake gwadawa, har ya ɓace. Na hau bencin da ya tanada na fara daga goshi. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar manyan motoci bisa gudro. Ban taɓa zane a fili ba, kullum a ɓoye nake kamar mai satar kaza, amma ranar hannuna ko gezau. Na yi kumatu, na sa hasken rana bisa hanci, na bar ƙarƙashin ido da duhunsa. Zufa na bin bayana, atamfar kamu ta sha fenti, ban damu ba. Sa'a guda da wani abu, matar bango ta buɗe ido tana kallon Tasawa, baƙa wuluk, ba mai ce mata ta shafa komai.

Na sauko. Madam ta riƙe baki, idonta har da ƙwalla. Ta kama hannuna tana juya shi, tana faɗin abin mamaki ne, ashe ni ce. Na fara jin sanyi a raina, na ce yau dai an gan ni. Sai ta ce da mai kamara ya matso, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ko zan iya cire takalmin, kuma ko akwai wani tsohon zane a gida da zan ɗaura, don wannan adon ya yi yawa, ba zai yi kama da gaskiya ba.

Kun ji fa! Wata na so in yi fari, wata na so in yi tsiya. Na ce mata da faransancin da ta fi ganewa, takalmina da kuɗina na saya, in tana son mara takalmi ga nata can tsaye. Na ɗauki ƙaramin buroshi na tsoma a ja, na durƙusa ƙasan bangon na rubuta ZULFA, manya-manya.

Ina ɗagowa na ji muryar wani tsohon direba a bayana.

"Kai, ku tsaya. Wanga hannu ai na san shi. Shi ne a bayan motata. Hannun Garba Pentir ne!"

Wani ya ce, "To in hannun Garba ne, ya aka yi ya fito jikin ɗiyarshi?"

Sai wata ta ce, "Ni dai dama na lura, in ka miƙa mashi kuɗi sai ya laluba."

Ban tsaya ɗaukar tire ba, ban waiwayi Lurwanu ba, na kama hanyar gida takalmi na ƙwaƙwas, kuma duk saurina labari ya riga ni.

Baba na zaune inda yake zama, buroshi a kunne. Inna na tsaye cikin zaure, ta ɗora hannu biyu a ka. Na durƙusa gaban Baba. Ya shaƙi warin fentin da ke jikina ya ce, "Ja ya yi yawa ko ya daidaita?"

"Ya daidaita, Baba."

"Wane suna kika sa a ƙasa?"

"Nawa."

Ya gyaɗa kai. Wayata na ta ruri cikin hijabi, sunan Lurwanu ne, kira na bakwai. Kafin in kashe ta sai ga babur ya tsaya gabanmu. Wani mai shagon aski ne, shekara goma yana kawo wa Baba aiki, ya sauko da sabon allo a hammata. Ya dubi Baba, ya dubi ni, ya sosa ƙeya.

"Salamu alaikum. Malam, ina wuni. Wai... Zulfa nike nema."

Baba ya amsa sallamar. Ya zare buroshin daga kunnensa, ya laluba har ya sami hannuna ya danƙa mini. Ya miƙe, ya ɗauki kujerarsa da kansa, ya nufi zaure yana bin bango da tafin hannu, a gaban mutumin, ba ya ko ɓoyewa.

"Tashi ki karɓi aiki," ya ce. "Kuma kada ki yi mashi ragi, shuɗi ya yi tsada."